Zancen wata: ziyarar Hubbare da zaɓen jagora

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, hatsi ya shiga rumbu, lokacin ziyara ya zo. Mutanen Madawa, Buza da Kaita na haɗa kuɗin mota su tafi Sakkwato, Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, su komo ran nan.

Shehu ba baƙonmu ba ne. A Maratta aka haife shi, kusa da Galmi, a 1754. Ya rasu a Sakkwato a 1817. Motar ma ta Galmi take bi, ta kai Ƙwanni, ta ƙetare iyaka zuwa Illela.

Amma maganata kan jagora ce. Bara wani ya ce wa mutanen garinmu: "Ku bar takardu, na san hanyar daji." Da aka tare su, sai ya sulale. Tsofaffi suka kwana a hannun hukuma, ba ziyara, ba kuɗin mota. Hanyar daji kuwa, musamman wajen Bangi da Sabon Birni, akwai ƴan bindiga.

Jagoran kirki shi ne wanda maigari ya sani. Shi zai fara tambayarku katin ɗan ƙasa da katin rigakafi. Zai bi da ku ta ƙofar duwan, kowa na gani. Zai bincika ko iyaka na buɗe, don an rufe ta daga Agusta 2023 har Maris 2024.

Ku canza sefa da naira tun a Ƙwanni. Ku tashi da asuba. Da an yi azahar, ku kama hanyar gida.