Kada Kyandir Ya Kwana a Ɗakin Maijego

Ya ke 'yar'uwa mai juna biyu, cikin kayan haihuwar da kike tanadi, ki haɗa da tocila ko fitila mai caji. Maigida, wannan sayayyar taka ce.

Madatsar ruwan Kainji, wadda aka kammala a 1968, tana kusa da mu, amma daga Yelwa zuwa Wara da Shanga kowa ya san yadda ake ɗauke wuta. Sauron bakin tafki kuwa ba ya hutu, shi ya sa muke nanata miki ki kwana cikin gidan sauro mai magani, ke da jaririnki. To, kyandir da gidan sauro ba sa zaman lafiya a ɗaki ɗaya.

Za ki ji ana cewa, "Ai ɗan kyandir ne, in ya ƙare zai mutu da kansa." Kafin ya ƙare fa? Yana iya faɗuwa kan katifa, ko iska ta kaɗo gefen gidan sauron. Wasu ma na zaton maganin da ke jikinsa na hana shi cin wuta. Maganin na sauro ne kawai. Gidan sauron zaren roba ne, da wuta ta taɓa shi sai ya narke, ya ɗiga, ya manne a fatar jariri. Maijegon da ta tashi shayarwa ƙarfe biyun dare ba ta da tabbacin barci ba zai sace ta ba.

Aci-bal-bal da fitilar kananzir sun fi kyandir hayaƙi, ga shi jariri na numfashi sau 40 zuwa 60 a minti ɗaya. Garwashin ɗumama ɗaki lokacin hunturu ya fi su duka haɗari: a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kisa cikin barci.

In tsautsayi ya auku, kakanni ku yi haƙuri, kada a shafa manja, man goge baki, toka ko ɗanyen ƙwai. A yi ta zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har minti 20, a lulluɓe sauran jikin jaririn kada sanyi ya kama shi. Abin da ya manne a fata kada a ɓamɓare shi. A rufe ƙunar da ƙyalle mai tsabta, a kai shi asibiti a daren, kada a jira wayewar gari.