Kafin Mu Yi Mafarkin Duwatsun Turai

Makon jiya wani ɗalibina ya tsayar da ni bayan darasi, ya nuna mini hotunan tafkunan da ke bisa duwatsun Alps na ƙasar Suwizalan: ruwa shuɗi garai-garai, ƙanƙara ta lulluɓe ƙololuwa. Ya ce, "Malam, mu dai ba a ba mu komai ba." Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya tashi a Jiga Birni kamar ni, idonsa ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, daga gonakin albasa na Aliero zuwa fadamun Gulbin Zamfara a Jega, har gero da dawar Maiyama. Tafkunan da ya nuna mini kuwa ƙanƙara ce ta sassaƙe gurabensu dubban shekaru da suka wuce, abin da ƙasarmu ba ta gani ba. Sai dai da na tambaye shi ko ya taɓa hawan dutse ko guda, ya yi shiru. Ya sha zuwa Kano, amma Dala daga cikin mota yake hango shi.

Ni ma ba ni da bakin yi masa gori. Sai da na haura arba'in, likita ya ce jinina ya fara hawa, sannan na tuna ina da ƙafafu. A lokacin ne wani taro ya kai ni Zariya, wani abokin aiki ya ja ni zuwa Dutsen Kufena, kusa da Wusasa.

Mun tashi bayan sallar asuba, kowa da gorar ruwa da ɗan dabino, wani yaron unguwar yana gaba yana nuna hanya. Ba a bukatar igiya ko wata ƙwarewa. Takalmi mai kama ƙasa da haƙuri sun isa. Sau uku na zauna ina haki, yaron yana kallona da tausayi, shi da ya hau da silifa. Da muka kai sama, sai ga Zazzau a shimfiɗe: tsohon birni ta gabas, cocin Wusasa da 'yan mishan suka gina a 1929 kamar ka miƙa hannu ka taɓa, gine-ginen Samaru can nesa. A wani kwarmi na dutsen ruwan sama ya taru, tsuntsaye na sha. Shi ne tafkina na kan dutse, kuma ban raina shi ba. Tarihin baka ya ce nan Zagezagi suka zauna bayan barin Turunku; sai da na tsaya a wurin na gane dalili, domin babu mahayin da zai tunkaro ba a hango ƙurarsa ba. Na karanta wannan a littafi, amma ƙafata ce ta fahimtar da ni.

Mai son gwadawa ya zaɓi ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin hazo ya rufe sararin. Kada ya hau bayan an yi ruwa, dutsen na santsi. Ya kuma sani saukowa ta fi hawa haɗari. Masu ɗorin Aliero sun shahara, amma ba sai mun kai musu ciniki ba.

Abin da ke damuna shi ne duwatsun da za mu iya hawa suna raguwa. Yau ba malamin da zai ɗebi ɗalibai zuwa Kwatarkwashi ko tsaunukan ƙasar Zuru hankali kwance, saboda 'yan bindiga. Waɗanda suka rage kuma girman kai ya hana mu. Ɗan boko ya taka da ƙafa, sai a tambaye shi ko motarsa ce ta lalace. Haka ɗalibin labarin ƙasa zai kammala digiri yana zana dutse a takarda, bai taɓa dafa shi ba. Kuɗin motar da za ta kai aji guda Kufena ta dawo bai kai abin da muke kashewa a liyafar sallama ba.

Ɗalibin nan dai mun yi alkawari da shi: hutun nan zai hau Dala, ya kawo mini shafi biyu kan abin da ya gani. Ya roƙi a bar shi ya haɗa da hoto, na yarda, da sharaɗin kada fuskarsa ta rufe birnin.