Kafin a kwashe asusun ma'aikata, a tuna da mai kuɗi a salula a Gamu

A 2016 gwamnatin Nijar ta haɗe Sonitel da SahelCom suka zama Niger Telecoms. A 2019 kuma Orange ya sayar da reshensa na ƙasar, wanda yanzu ake kira Zamani Telecom. Irin wannan sauyi kan zo da aikin da jama'a ba sa gani: kwashe asusun ma'aikata daga tsohon tsarin kwamfutoci zuwa sabo.

Akwai manhajojin da ke yin aikin, kamar ADMT ta Microsoft, wadda kan iya ɗauke ma'aikaci tare da kalmar sirrinsa da izinin da yake da shi a da. A nan haɗarin yake. Manhaja ba ta tambaya ko mutum ya bar aiki. Abin da aka nuna mata take kwashewa, har da makullan da ya kamata a karɓe tuntuni.

Makiyayin Gamu, a yankin Gure, da ya sayar da rago ya ajiye kuɗin a salula, waɗannan makullai ne ke tsaron bayanansa, kuma Yamai ta yi masa nisa da kai ƙara. Ya kamata hukumomin ARCEP da HAPDP su tilasta wa kamfanoni tantance kowane asusu, su rufe na waɗanda suka tafi, kafin a fara kwashewar.