Shekara talatin tana tuƙa maka tuwo, kwana biyar sun gagare ka?

Ina godiya ga masu shirya wannan mujalla da suka ba ni fili, domin maganar da ke bakina ta fi ƙarfin 'yar nasihar da nake yi bayan Asuba. Kuma iyayenmu mata, waɗanda maganar ta fi shafa, ba sa jin abin da ake faɗa a kansu a majalisa.

Ga abin da ya tayar da ni. A watan jiya wani bawan Allah a layinmu, ba zan kama suna ba, ya rufe shagonsa na kwana biyar, ya ɗauki uwargidansa suka tafi Kano. Babu rasuwa, babu biki, babu saro. Dalilinsa ɗaya ne, sun cika shekara 25 da aure, yana so ya fita da ita ta sha iska, ta ga 'yan'uwanta, su zaga gari su biyu. Kafin motarsu ta wuce Keffi majalisar mai shayi ta ɗauka. Wani ya ce an shanye shi. Wani ya ce dama mijin-ta-ce ne. Wani kuma ya juyo wurina ya ce, “Malam, wannan ai bidi'a ce, koyi da Nasara ne, ko ba haka ba?” Ni kuwa na yi murmushi, na kurɓi shayina, ban ce uffan ba. Wannan shirun nawa ya hana ni barci, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara da kaina kafin in taɓa kowa. Na yi aure a 1996, shekarar da aka cire Jihar Nasarawa daga Filato. Daga wani ƙauye a ƙasar Katsina aka kawo mini ita nan Garaku, yarinya ƙarama, ba ta san kowa ba, ba ta jin yaren maƙwabta, ko doya ba ta iya dakawa ba. A bana muke cika shekara 30. Daren da aka yi waccan hirar na zauna na ƙirga tafiye-tafiyenta. Goyon ciki na haihuwar fari. Rasuwar mahaifinta. Rasuwar mahaifiyarta. Bikin ƙannenta biyu. Sai zuwa asibiti a Keffi. Shi ke nan. Ni kuwa a wannan tsakanin Kano, Jos, Makurɗi, Anacha, Legas, babu inda ban taka ba, har na san masu abincin kowace tasha da sunansu. Shekarar da jarina ya karye, buhunan riɗi suka faɗo a kaina, da ƙuli-ƙulinta da man gyaɗarta aka ci abinci a gidana wata bakwai, kuma 'yan kunnenta na zinari aka sayar na koma kasuwa. Wallahi ban taɓa ɗaukarta na kai ta wani wuri don jin daɗinta kaɗai ba. Na tabbata ba ni kaɗai ba ne a unguwar nan. Yawancin matanmu kawo su aka yi daga Kano, Katsina, Zariya, Sakkwato, har da Maraɗi. Mun raba su da danginsu, sannan ba sa ganin hanyar gida sai an buga waya an ce wani ya cika.

To mu zo kan bidi'a, tunda ni aka tambaya. Abin da muka karanta tun muna Islamiyya shi ne, ibada ba a yin ta sai da dalili, al'ada kuwa halal ce har sai an sami abin da ya hana. Mutumin nan bai ƙara raka'a a sallah ba, bai ƙirƙiro azumi ba, bai ce wanda bai yi ba ya yi zunubi. Mota ya shiga da halalinsa. Ina bidi'ar take? Na san akwai malaman da ba sa son a keɓe wata rana a mayar da ita biki na kowace shekara kamar idi, kuma ina girmama wannan fahimta. Ni ma ba na kira ga yanka kek, ko ɗauko mai kiɗa, ko cakuɗa maza da mata a filin rawa. Amma mutum ya dubi shekarun da Allah ya ba shi da matarsa ya ce bari in gode masa, in faranta mata, wannan yana cikin kyakkyawan zaman da aya ta 19 a Suratun Nisa'i ta umarce mu da shi.

Masu cewa koyi da Nasara ne, ku koma ku buɗe sira. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zauna da Nana Khadija kimanin shekara 25, bai yi mata kishiya ba har ta koma ga Allah. Bayan rasuwarta ma yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da nama. Idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta ya tafi da ita. A wata tafiya ya sa sahabbai suka yi gaba, ya tsaya ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta tsere masa. Bayan shekaru suka sake, ya rama. A hanyar dawowa daga Khaibar ya durƙusa ya kafa gwiwarsa Nana Safiyya ta taka ta hau raƙumi. Da wani a cikinmu zai yi haka a tashar Garaku, da wane suna majalisa za ta sa masa? Tafiya da iyali da tattalinsu gadonmu ne. Mu muka yar da shi, da muka gan shi a hannun wasu kuma muka ce nasu ne.

Yanzu masu cewa mijin-ta-ce. Haba jama'a, mu ji tsoron Allah. Wannan majalisar dai, idan ɗayanmu ya sami kaka mai kyau ya ce zai ƙara aure, babu mai cewa an shanye shi. Akwati shida, atamfa da leshi, waya sabuwa, fentin ɗaki, ga motocin ɗaukar amarya, duk a ce ma sha Allah, Alhaji ya isa. Uwargida kuwa a jefa mata turmi biyu na kayan faɗar kishiya a ce ta yi haƙuri. Ƙarin aure halal ne, ban hana kowa ba, ni nake ɗaura muku shi. Amma lissafi nake tambaya, tunda 'yan kasuwa ne mu. Wadda ba ta taɓa dafa maka ko ruwan zafi ba ka kashe mata miliyoyi an yaba maka, wadda ta yi jinyar mahaifiyarka, ta haifa maka takwas, ta binne biyu, ka kashe mata kuɗin mota da masauki na kwana biyar an ce ka lalace. Wane irin ma'auni ne wannan? Da a kasuwa wani ya auna maka hatsi da irinsa, da har gaban sarkin kasuwa sai kun je.

Sai dai kada samarinmu masu waya su ɗauka na goya musu baya a kan abin da suke gani a Facebook da TikTok. Can ma akwai ɓarna. Za ka ga mutum ya ci bashi, ko ya taɓa kuɗin uban gidansa, wai sai ya kai madam Dubai don a ɗauki hoto a watsa. A dawo gida babu kuɗin makarantar yara, masu bashi suna sallama tun da sassafe, matar da aka ce an je faranta wa ita ce za ta sayar da zobenta a biya. Wannan riya ce, da mutane aka yi tafiyar, matar rakiya ta yi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Kujerar Hajji ta haura naira miliyan 8 a 2025. Wanda Allah ya hore wa ya kai matarsa Umara ko Hajji, wannan ita ce tafiyar da ta fi kowace, Allah ya karɓa. Wanda bai da hali kuma kada ya fake da cewa sai ya tara na Makka, shekara 20 yana faɗa, har matar ta tsufa ba ta ga ko Abuja ba.

Ga yadda nake ganin talaka irina zai yi. Na farko, ka tambaye ta. Kada ka yanke mata. Kana iya tsammanin tana son otal mai sanyi, alhali abin da ke ranta ta kwana biyu a ɗakin da aka haife ta, ta gaisa da gwaggonta da ta rage, ta ziyarci waɗanda suka yi mata kara tana yarinya. Na biyu, ka yi asusu. Naira 1,000 kullum, a shekara ta zama 365,000. Ko 500 ce, ka tashi da 182,500. Da yawanmu abin da muke kashewa a shayi da tsire da katin waya ya fi haka. Na uku, ka zaɓi lokaci, bayan hada-hadar kaka ta lafa, ko lokacin hutun makaranta da babbar 'yarku za ta iya riƙe gida. Ka bar wa amintaccen yaro shago. Kwana biyar ba sa karya jari, in sun karya to dama a karye yake.

Wurin zuwa kuwa, Allah ya ajiye mu a bakin babbar hanya. Tun Fabrairun 2025 ake karɓar kuɗin tolget a nan Garaku, kullum motocin duniya suna wucewa ta ƙofar gidanmu, matanmu suna jin ƙararsu daga cikin gida. Nan cikin jiharmu akwai Farin Ruwa a ƙaramar hukumar Wamba, ta Akwanga ake bi, ruwa ne da ke zubowa daga kan dutse mai tsawon kusan mita 150. Baƙi suna zuwa daga nesa su gani, mu da ke kusa ko labari ba mu kai wa matanmu ba. Mai ɗan ƙarfi ya bi ta Jos ya kai ta Yankari a Jihar Bauchi, ta ga namun daji da idonta, ta ga ruwan ɗumi na Wikki. Abuja ga ta nan, ta yi sallar Juma'a a Babban Masallacin Ƙasa, in ana so a hau jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa a Kaduna, wanda ke aiki tun 2016. 'Yar Kano a kai ta ta hau Dala, ta shiga Gidan Makama, ta ga karofin Ƙofar Mata, ta zaɓi atamfa da hannunta a Kantin Kwari. 'Yar Katsina ta ga hasumiyar Gobarau, 'yar Sakkwato ta ziyarci Hubbaren Shehu. Amma kowace hanya za ka bi, ka tambayi direbobin tasha halin da take ciki a wannan makon, kuma kada ka yi tafiyar dare. Ba mu manta harin da aka kai wa jirgin Kaduna a Maris ɗin 2022 ba. In tana shan maganin hawan jini ko na suga, shi za a fara sawa a jaka.

Sai gargaɗi na musamman ga 'yan'uwana 'yan kasuwa, don na san halinmu. Kada ka kai ta Kano ka sauke ta a gidan yayarta, kai kuma ka shige Dawanau kwana uku kana cinikin wake, ka dawo ka ce ka kai ta yawo. Saro ka je, ka rage mata hanya. Ka sa wayar a aljihu. Ku ci abinci a kwano ɗaya, ka saya mata abin da ta nuna, ka saurari hirarta ko da ka taɓa ji sau goma. Mai mata biyu ko uku kuma ya yi adalci, kowace a sanar da ita tun wuri cewa nata lokacin yana zuwa, kuma a cika alkawari. In abin ya rikice maka ka zo mu duba littafi tare, kada a gyara ɗaki ɗaya a rushe biyu.

Na sha zuwa gidajen rasuwa a unguwar nan. Na ga dattawa masu gemu suna kuka kamar yara ranar da aka fitar da uwargida, suna cewa ba su taɓa saka mata ba. A ranar za ka ga an yanka rago, an sauke buhun shinkafa don masu zaman makoki, an yi hayar motoci an ɗauko danginta daga Katsina. Kuɗin da aka ce babu, ranar sai ga shi ya fito. Da an kashe rabinsa tana da rai, da ta gani da idonta, ta sa albarka da bakinta.

Saboda haka ina sanar da jama'ar masallacinmu tun yanzu, in Allah ya kai mu bayan kaka, za ku yi mako guda na'ibi yana ja muku sallah. Zan rufe rumfa, zan ɗauki uwar 'ya'yana mu tafi Katsina, daga nan duk inda ta ce. Na riga na fara jefa dubu ɗaya-ɗaya a asusu. Wanda zai ce an shanye Malam, ga majalisa nan, shayin ranar ma a rubuta a kaina. Shi kuma bawan Allah da aka ci namansa ina zaune ban kare shi ba, ina neman afuwarsa a bainar jama'a, ya riga mu gane abin da muka karanta muka manta.

Allah ya saka wa iyayenmu mata da alheri, ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu tun suna raye, ya zaunar da unguwarmu da ƙasarmu lafiya.