Kafin Matashi Ya Riƙe Lasifika

A 'yan shekarun nan Allah cikin ikonsa ya buɗe wa 'yan uwa matasa ƙofar magana a gaban jama'a. Da wuya mako ya wuce ba a yi walimar saukar Alƙur'ani ba, ko ta aure, ko ta'alim na unguwa, ko taron ɗaliban Islamiyya, kuma a kusan kowane irin wannan zama akan ware minti ashirin ko talatin a miƙa wa wani matashi lasifika a ce ya yi tunatarwa. Wannan alheri ne babba. To amma akwai wata matsala da ta fara zama ruwan dare, wadda wannan jarida take ganin bai dace a yi shiru a kanta ba, wato irin maudu'in da matasan suke zaɓa su kai gaban mutane.

Abin da aka saba gani shi ne, matashi zai zauna ana gobe taro yana laluben maudu'in da zai sa a yi ta kabbara, ko wanda zai nuna wa jama'a cewa ya yi karatu. Sai ka ji a wurin walimar aure, inda ango da abokansa da dattawan unguwa suke zaune, mai jawabi yana warware yadda aka rushe halifancin Usmaniyya a 1924, ko kuma ya kutsa cikin wata mas'ala da manyan malaman fiƙihu suka shekara dubu suna saɓani a kanta. A tashi taro ango bai ji ko kalma ɗaya ba game da haƙƙin yarinyar da aka damƙa masa amana. Babu mai cewa tarihin halifanci ba shi da amfani. Abin da ake cewa shi ne, wanda aka ba lasifika mutanen da ke zaune gabansa aka ba shi, kuma daga buƙatarsu ya kamata maudu'insa ya fito.

Haka Manzon Allah (SAW) ya koyar. Lokacin da zai aika Mu'azu bin Jabal (RA) zuwa Yaman, abin da ya fara sanar da shi shi ne irin mutanen da zai tarar, cewa ma'abota littafi ne, sannan ya jera masa abin da zai kira su gare shi: shahada tukuna, in sun karɓa sai salla, in sun karɓa sai zakka. Sanin masu sauraro shi aka gabatar a kan tsara magana.

A duba kuma tsayuwar Ja'afar bin Abi Ɗalib (RA) a fadar Najjashi sarkin Habasha. Ƙuraishawa sun turo Amru bin Asi da Abdullahi bin Abi Rabi'a da kyaututtuka domin a miƙa musu Musulmin da suka yi hijira. Rayuwar jama'a guda ta rataya a kan jawabi ɗaya, ga sarki Kirista, ga manyan limaman cocinsa kewaye da shi. Ja'afar bai buɗe baki da abin da ya raba su da sarkin ba. Ya bayyana halin da suke ciki a jahiliyya na bautar gumaka da cin mushe da yanke zumunci da danne mai rauni, ya faɗi abin da Annabi ya kira su gare shi na gaskiya da riƙon amana da kyautata wa maƙwabci, da aka nemi ya karanta wani abu daga wahayi kuwa sai ya zaɓi farkon Suratu Maryam. Sarki ya yi kuka, ya ƙi miƙa su. Kada kuma wani ya ɗauka wannan ɓoye gaskiya ne, domin kuwa washegari da Amru ya tono maganar Annabi Isa (AS) don ya haɗa su faɗa da sarki, Ja'afar ya faɗi aƙidar Musulunci ƙarara, bai rage komai ba.

A ƙasar nan ma akwai abin koyi. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya fara wa'azi wajen 1774 yana ɗan kimanin shekara ashirin, wato sa'an mafi yawan masu karanta wannan shafi. Daga nan zuwa hijirarsa Gudu a 1804 shekara talatin ke nan yana karantarwa a Degel, yana zagaya Kabi da Zamfara, inda ya yi kimanin shekara biyar. Ɗansa Muhammadu Bello ya siffanta majalisinsa a cikin Infaƙul Maisuri, kuma abin da ya fi yawa a ciki shi ne farillan da suka hau kan kowa: tauhidi, tsarki, salla, azumi, zakka, gyaran zuciya, da barin miyagun al'adu, da harshen da mutanen wurin suke ji. Da ya ga maza, har da malamai, sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, sai ya mai da wannan abin magana, ya rubuta shi a Nurul Albabi. Maganar zaluncin sarakuna ta zo a lokacinta, ta kuma tarar da mutanen da aka riga aka gina.

Wani abu da ba a cika faɗa wa matasa ba shi ne, cikin waɗanda Shehu ya yi fama da su akwai wasu ɗalibai da suka ɗan tsinci ilmin tauhidi, suka riƙa tare talakawa da tambayoyi masu wuya, duk wanda ya kasa kawo dalili irin na malaman kalam sai su fitar da shi daga Musulunci. Shehu ya yi rubuce-rubuce da dama yana yi musu raddi. Irin waɗannan ɗalibai ba su ƙare ba. Har yau akwai matashin da in aka ba shi minti ashirin ba ya ganin maudu'in da ya kai kafirta wani ko bidi'antar da wani daɗi, alhali a cikin masu sauraronsa akwai wanda bai iya wankan janaba ba.

Bayan buƙatar jama'a sai iyakar sanin mai magana. An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a guda 32. In Malamin Madina zai yi haka, to ɗalibin da bai sauke Ishmawi ba ba shi da dalilin ɗaukar maudu'in rabon gado ko hukuncin saki uku. Ya ɗauki abin da ya karanta a gaban malami, wanda in wani dattijo ya ɗaga hannu ya tambaye shi daga wane littafi ya samo zai iya amsawa. Wannan ya ƙara zama dole a yanzu. A zamanin kaset kuskuren mai jawabi kan jima bai bar garinsu ba, yau kuwa kafin ya sauka daga kan tebur an ɗauke shi a waya an watsa a Facebook, maƙiya kuma ba za su ce wane ne ya faɗa ba, za su ce ga abin da 'yan uwa suke faɗa.

Maudu'ai kuwa ba su yi ƙaranci ba ga wanda ya buɗe ido a unguwarsu. Gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai ɗauke da kodin tun 2018, amma shaye-shaye bai bar lungunan garuruwa ba. Ga ƙwacen waya, ga cacar ƙwallo da ta shiga aljihun samari, ga bashi da algus da tauye mudu da suka ƙaru a kasuwa tun da rayuwa ta ƙara tsada bayan cire tallafin mai a 2023. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai aya da hadisi a kansa, akwai kuma uban da ke zaune a wurin taron yana fama da shi a gidansa. Matashi ya ɗauki guda ɗaya kawai. Maudu'i irin "Matsalolin Al'ummar Musulmi A Yau" ko an ba shi mako guda ba zai ƙare ba, balle minti ashirin.

Masu shirya taruka su ma suna da nasu kason laifin, domin sau da yawa sai an shimfiɗa tabarmi sannan ake raɗa wa matashi a kunne cewa shi zai yi jawabi, dole ya maimaita abin da ya ji a bakin wani. Ya kamata a sanar da shi aƙalla mako guda kafin ranar, a faɗa masa su wa za su halarta da minti nawa aka ba shi, shi kuma ya rubuta maudu'insa da dalilansa a takarda ya kai wa malaminsa ya duba kafin ranar taron.