Wasiƙa Daga Ingila: Kalmar da Ta Kusa Korar Maƙwabciyata

A makon jiya wata 'yar ƙasar Sin da muke zama gida ɗaya ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da tsakar dare, idanunta jawur. Wai an ce ta bar ƙasar. Da na karɓi takardar na duba, sai na ga "leave to remain". Ita kalmar farko kawai ta gani, ta fara haɗa kaya.

Na zaunar da ita na yi mata bayani. A Turancin hukuma, "leave" na nufin izini. Asalinta ma daban ne da "leave" ta tafiya, kamanni ne kawai ya haɗa su. Dokar shige da fice ta Birtaniya ta 1971 da ita take aiki: "leave to enter" izinin shiga, "leave to remain" izinin ci gaba da zama. In an ƙara "indefinite" a gaba, zaman ba shi da wa'adi. Shi kuwa "entry clearance", shi ne amincewar da ake nema tun daga gida kafin a hau jirgi.

Tun daga ranar muke bitar allunan jami'a tare. "Admission free" na nufin shiga kyauta, amma "no admittance" hani ne. "Authorised personnel only", wato sai ma'aikatan da aka ba dama. "Trespass" kuwa ketare iyakar mutum ba da yardarsa ba.

Ta ce a ƙasarsu haruffa huɗu ake rubutawa a ƙofa, ma'anarsu wanda ba shi da abin yi a nan kada ya shigo. Na yi dariya, na ce mu namu ya fi gajarta: "Ba shiga" a bangon zaure. Kuma ko ba a rubuta ba, mai hankali kan yi sallama ya jira a amsa.

To 'yan'uwa, kada mu yi mata dariya da yawa. Mu da muka yi boko da Turanci mun fi saurin faɗawa wannan rami, don muna ganin mun iya. Takardar hukuma ta zo, a karanta jimlar har ƙarshe. In ba a gane ba, a kai wa masu ba ɗaliban ƙetare shawara a jami'a kafin a sayi tikiti. Matambayi ba ya ɓata.

Sai mun haɗu a mako na gaba.