Da Za A Yi Wa Birnin Ikko Sinimar Yabo

Kowane birni na ƙasar Hausa da kirarinsa, kuma tun zamanin kaka da kakanni maroƙa da makaɗa ne ke riƙe da wannan aiki. A ƙasashen Turai kuwa, da sinima ta samu, sai ta karɓi wani sashe na aikin maroƙi. Cikin shekarar 1927 wani Bajamushe mai suna Walter Ruttmann ya shirya fim a kan birnin Balin, babu jarumi, babu labarin soyayya, babu ko magana. Ya fara da jirgin ƙasa yana shiga gari da sassafe, ya bi jama'a zuwa masana'antu da ofisoshi, ya rufe da fitilun dare. Yaƙin Duniya na Biyu ya rushe da yawa daga cikin titunan da ya nuna, amma har yau ana ganin mutanensu suna kai da kawowa a jikin majigi.

In akwai birni a Nijeriya da ya cancanci irin wannan kirari, to Ikko ce. A nan aka fara nuna sinima a ƙasar nan, a ɗakin taro na Glover, cikin 1903. Daga kasuwar Idumota kuma finafinan bidiyo suka bazu ko'ina bayan 1992. Amma fa galibinsu Ikko shimfiɗa ce kawai: a nuna katafaren gida a Ikoyi ko Lekki, a nuna mota mai ƙyalli, shi ke nan. Mutanen da ke ɗauke da birnin bisa kawunansu, sai dai a hango su ta tagar mota.

Da za a yi fim ɗin yadda ya kamata, kafin kiran assalatu zai fara, a kasuwar Mil 12. Ga manyan motoci sun kwana a hanya daga Kano da Sakkwato da Jos, shaƙe da tumatir da tattasai da albasa. 'Yan dako na sauke kwanduna, matan Yarabawa na tayawa, dillali na sallamawa da Yarabanci mai ƙamshin Hausa. Daga nan sai mayankar Oko-Oba ta Agege, inda shanun Arewa ke zama naman miyar miliyoyin mutane. Kafin mai kwat da lakataye ya farka, an riga an yi wa cikinsa tanadi.

Da gari ya waye sai mai ɗaukar hoto ya hau babbar gadar nan ta uku, wadda aka buɗe cikin 1990, mai tsawon fiye da kilomita 11. A sama ga motocin danfo masu ruwan ɗorawa cikin cunkoso, yaron mota na lilo a bakin ƙofa yana kiran sunayen unguwanni. A ƙasa kuwa ga Makoko, garin masunta, gidajen katako bisa turaku a cikin ruwa, yara na tuƙa kwalekwale. Hoto guda ne, amma ya tara birni biyu, kuma kowanne Ikko ne.

Da rana tsaka a ratsa kasuwar Balogun, a leƙa Alaba wurin 'yan kasuwar Ibo masu kayan lantarki, a gangara Apapa inda jiragen ruwa ke sauke kaya. Lokacin azahar a tsaya a masallacin Shitta-Bey, wanda aka buɗe cikin 1894. Wanda ya ba da kuɗin gininsa daga zuriyar 'yantattun bayi na Saliyo yake, fasalin ginin kuwa na waɗanda suka komo daga Barazil ne. Watau tun asali baƙi ne suka haɗu da 'yan gari aka tayar da birnin. Su ma Hausawa ba jiya suka zo ba. Tun cikin 1863 Bature Glover ya kafa rundunarsa ta Hausawa a Ikko, wadda sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsu daga gare ta, kuma da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano cikin 1912 sai fataken goro da na shanu suka ƙara yawa. Saboda haka in magariba ta yi aka nuna mai tsire a Obalende yana fifita garwashi, ba ɗan ci-rani kaɗai aka nuna ba, tarihi aka nuna na fiye da shekara 150.

To, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Yabon da ya tsallake ciwo, zuga ce kurum. Cikin watan Yuli na 1990 gwamnatin soja ta ba mutanen Maroko wa'adin kwana bakwai, sannan katafila ta baje unguwar, dubban iyalai suka rasa matsuguni, filin kuma ya koma unguwar masu hali. An rushe wani sashe na Makoko cikin 2012, an kori masuntan Otodo Gbame cikin 2017. An yi rikicin ƙabilanci a Idi-Araba cikin 2002, an sake yi a Mil 12 cikin 2016. Fim na gaskiya zai nuna waɗannan, ya kuma nuna abin da ya fi su ban mamaki, watau yadda bayan ƙura ta lafa mai saye da mai sayarwa ke komawa gaban kwando ɗaya, domin babu mai iya rayuwa ba tare da ɗan'uwansa ba.

Ba ya bukatar mai fassara ko mai dogon sharhi. A bar Yarabanci da Ibo da Hausa da Turancin buroka su yi ta cuɗanya kamar yadda suke yi a titi. Masu shirya fim na Kano da na Ikko kuwa, in sun haɗa hannu, kowa ya san ƙofar da ɗayan bai sani ba.

Abin da ya sa aikin ke son hanzari shi ne Ikko ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto. Hedkwatar ƙasa ta tashi zuwa Abuja cikin 1991, motocin molue sun kusa zama labari, jirgin ƙasa na cikin gari ya fara jigila cikin 2023. Abin da ba a ɗauka yau ba, gobe sai a bakin tsofaffi. In an yi shi, tsohuwar da ke ƙauyen Jigawa za ta ga titin da ɗanta ke tura kurar ruwa ya aiko mata da na cefane, mutumin Ikoyi kuma zai ga fuskar wanda ya kwana a ƙofar gidansa yana gadi. Allah Ya sa a sami mai jin wannan kira tun masu labarin suna nan.